Kai takardar tashi a Kano

Ofishinmu ƙarami ne, muna kula da gidajen haya a Hotoro, Tarauni da Rijiyar Zaki. Karɓar kuɗin haya mai sauƙi ne. Aikin yana ranar da mai gida ya ce yana son gidansa, ɗan haya kuma ya ce ba inda za shi.

In yarjejeniya ba ta yanka wani wa'adi ba, mai biyan wata-wata notis ɗin wata 1 ake ba shi, mai biyan shekara kuwa wata 6. Wa'adi ya cika bai tashi ba, sai a bi shi da na kwana 7, cewa za a kai shi ƙara. Waɗannan biyun mu ke kai su, da rubutaccen izinin mai gida. Sammaci kuwa aikin masinjan kotu ne, iyakarmu mu raka shi mu nuna ƙofa.

To, a ƙofar nan ake yin ta. Ɗan kasuwar Kwari ya fita da sassafe, sai bayan isha'i zai dawo. Gida kuma ba shiga. Ka yi sallama, yaro ya leƙo ya ce, "Wai an ce ba ya nan." Mai gida na gefe yana cewa, "Malam, ba yaron mana mu tafi." Nakan ce, "Alhaji, yi haƙuri, yaron nan ba shi zai tsaya gaban alƙali ba." Gara mu sami ɗan hayar a shago, ko mu tare shi yana fitowa daga masallaci, ya karɓi kwafi ɗaya, ya sa hannu da kwanan wata a namu. In ya ƙi, muna da shaida a tsaye, galibi mai unguwa ko wakilinsa, mu rubuta wuri da lokaci nan take.

Wanda ke wasan ɓuya da sammaci, lauya ne zai roƙi kotu izinin liƙa masa a ƙofa. Sai alƙali ya yarda tukuna ake liƙawa, a ɗauki hoto, masinja ya yi takardar rantsuwa cewa ya kai. Ita alƙali ke fara dubawa a fayil, domin sashe na 36 na kundin tsarin mulki na 1999 ya ba kowa haƙƙin a ji ta bakinsa. Hukuncin da aka yanke wa wanda sammaci bai same shi ba, ana iya soke shi, a koma farko, ɗan haya na zaune abinsa.

Masu gida da dama ba sa son jin wannan. Wani zai ce a cire kwanon ɗakin kawai, ko a yanke wuta, ko a garƙame ƙofa da kwaɗo. Irin wannan aikin ba ma karɓa, don ƙarshenta mai gidan ne ɗan haya zai maka a kotu yana neman diyya.