Yadda na zama solisita a Ingila bayan na yi karatun lauya a gida

A Najeriya, ranar da aka rantsar da kai bayan ka gama Makarantar Horar da Lauyoyi, ka zama barista kuma solisita a lokaci ɗaya. Ni a reshen Bagauda na yi nawa. Da aure ya kai ni Manchester, sai na tarar aikin a rabe yake: barista (wanda ya fi tsayawa a kotu) daban, solisita (wanda ya fi ba da shawara da tsara takardu) daban, kowa da hukumarsa. Ta solisitoci ita ce SRA, kuma tun 2021 ta buɗe sabuwar hanya, wato SQE, jarrabawar cancantar zama solisita, mai mataki biyu.

A da, sai ka yi LPC, wato kwas ɗin koyon aikin solisita, sannan ka yi ta neman ofishin lauyoyi da zai ɗauke ka horon shekara biyu, kuma a nan mutane da yawa suke maƙalewa. Yanzu abu huɗu ake nema: digiri a kowane fanni, cin SQE1 da SQE2, aikin shari'a na shekara biyu wanda za ka iya tarawa a wurare har huɗu, sai tantance hali. Wanda ya riga ya zama lauya a ƙasarsa, kamar ni, an ɗauke masa shekara biyun nan. Akwai ma masu shiga daga sakandare, su yi shekara shida suna aiki suna karatu.

SQE1 takarda biyu ce, kowace da tambaya 180, ka zaɓi amsa ɗaya cikin biyar a kwamfuta. Na shiga da ƙarfin gwiwa, ina ganin ai dokarmu daga tasu aka samo ta. A dokar yarjejeniya da ta diyyar ɓarna hakan ya yi mini rana, domin tsoffin shari'o'in Ingila da muka haddace a aji suna nan da ransu. Na ci takarda ta farko.

Ta biyu ce ta kayar da ni, kuma na san dalili. Kaina cike yake da dokar filaye ta Najeriya ta 1978, inda ƙasa take hannun gwamna, kai kuma takardar izinin mallaka kake riƙewa. A Ingila gida yana iya zama naka har abada, ko hayar shekaru masu yawa, kuma rajistar filaye ce ke tabbatar da mai shi, bisa dokar 2002. Takardar ta kuma ƙunshi rabon gado da harajinsa, da yadda solisita yake ajiye kuɗin wanda yake wakilta a asusu dabam da na ofis. Sau da yawa amsa biyu sukan yi kama da daidai, sai hannuna ya tafi ga wadda ta dace da dokar gida.

Ranar da sakamako ya fito na yi kuka sosai, ga kuɗin da aka kashe, kuma sau uku kawai ake ba mutum dama cikin shekara shida. Sauƙin da na samu shi ne takardar da na faɗi kaɗai zan maimaita. Na ajiye littattafan Bagauda gefe, na fara dokar filaye ta Ingila daga shafin farko. Kullum bayan sallar asuba sai na amsa tambaya talatin da agogo a gabana, kafin yara su tashi.

Da na ci takardar, sai SQE2, wadda ta fi yi mini daɗi, don aiki ne na zahiri, gwaji 16: ganawa da mai neman shawara, tsayawa gaban alƙali, bincike, rubuta wasiƙa da tsara takardu. Abin da na gyara shi ne harshe. Mun saba da doguwar jimla mai nauyi, su kuwa so suke mai sayen gida ya karanta wasiƙarka sau ɗaya ya gane.

Yanzu a sashen cinikin gidaje nake aiki, fannin da ya kayar da ni.