Wasiƙa daga Jamus: baƙar ƙurar birki da ruwan da ake wanke rim da shi

Assalamu alaikum 'yan uwana na gida, musamman masu wankin mota da direbobi da masu faci. Ina fata kuna lafiya. Ya aiki, ya iyali? Allah ya ƙara rufa mana asiri.

Ina rubuto muku ne a lokacin da aiki ya fi yi mana yawa a garejin tayoyin da nake. A nan Jamus yawancin masu mota suna da tayoyi kashi biyu, na bazara da na hunturu, kuma galibi kowanne yana kan rim ɗinsa. Daga Oktoba zuwa Ista ake hawa na hunturu. Idan lokacin canji ya zo, waɗanda aka kwance sai mu wanke su ciki da waje, mu jera a sito har kusan wata shida. Wannan wankin shi ne abincina.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, irin waɗannan motocin ne ake lodawa a jirgin ruwa su sauka Kwatano ko Legas, ku saya da sunan Beljiyam. Rim ɗin da ya yi shekaru yana shan gishirin da ake barbaɗawa a titi lokacin ƙanƙara, bai dushe ba, sai ya zo gida cikin 'yan watanni ka gan shi da fararen tabo, fentinsa yana ɓarewa a gefe. Duk wanda ka tambaya sai ya ce rana ce. Rana tana da nata laifin, amma babban mai laifi yana cikin jarkar da ke ajiye a wurin wanki.

Baƙin abin da ke manne wa rim ba ƙurar hanya ba ce. Duk sanda ka taka birki, takalmin birki, wanda makanikai ke ce wa pad, yana matse faifan ƙarfen da ke juyawa tare da taya. Gogayyar tana kankare su duka biyu. Abin da ke fitowa garin baƙin ƙarfe ne, haɗe da ɗan jan ƙarfe da gawayi da ƙaron da aka ɗaure pad ɗin da shi. Da zafinsa yake faɗowa kan rim, sai ya nutse cikin siririn fenti mai sheƙi da ke sama. Da ya sha ruwa sai ya fara tsatsa a inda yake. Shi ya sa za ka sa omo ka dirza har hannunka ya gaji, amma ƙananan ɗigo masu ruwan ƙasa suna nan daram. Kuma ku lura, tayoyin gaba sun fi na baya baƙi, domin su ne ke ɗaukar mafi yawan aikin tsayar da mota. Masu Marsandi da BMW sun fi kowa sanin wannan.

Turawa ma sun daina yi wa ƙurar nan kallon datti kawai. A 2024 Tarayyar Turai ta amince da dokar Euro 7, wadda a karon farko ta sa iyaka ga yawan ƙurar da birkin sabuwar mota zai riƙa fitarwa, saboda mutane na shaƙarta. Tun 2005 kuma aka haramta asbestos, wani ma'adini mai cutar da huhu, a duk faɗin tarayyar, alhali a da da shi ake yin pad. Pad ɗin da ka saya a kasuwa ba kwali ba suna, ba ka san abin da ke cikinsa ba. Saboda haka ina roƙon makanikai da masu faci, ku daina hure ƙurar birki da iskar kwamfaresa ko da baki. A jiƙa ta da ruwa kafin a taɓa ta.

To, da me za a wanke? Kafin ka ɗauko kowace kwalba, durƙusa ka dubi rim ɗin. Idan na baƙin ƙarfe ne mai murfin roba, irin na tasi, ba shi da tsirfa, sabulun mota da burushi sun ishe shi. Yawancin na alminiyom kuwa fenti ne a kansu da wani fenti mai sheƙi a bisa, kuma suna da juriya muddin fentin bai fashe ba. Waɗanda ake tsoro su ne masu fuska mai ƙyalli da aka fere da inji, da waɗanda alminiyom ɗinsu tsirara yake an goge shi kawai, da masu baƙin fenti marar sheƙi. Haka duk rim ɗin da ya taɓa gogar bakin kwalbati ya kwarzane. Ta wannan kwarzanen sinadari ke shiga ƙarƙashin fenti, ya riƙa cin ƙarfen yana bin ciki, har ka ga fararen layuka suna yaɗuwa.

A nan nake so in daɗe, domin maganar asid ce ta fi damuna. Na san dalilin da ya sa ake sonsa: ka fesa, kafin ka ƙirga goma baƙin ya zube, mai mota ya ga sheƙi ya ƙara maka na goro. Wasu ruwan batir suke tsarmawa, wasu maganin wanke masai, wasu kuma wani ruwa ne da ake aunawa a robar ruwan sha ba takarda a jikinta. Duk lokacin da aka yi haka, fentin rim yana raguwa, notunan taya suna tsatsa, ƙarfen birkin da ke bayan rim ma yana shan nasa rabon. Wannan asarar dukiya ce, ana iya jurewa. Amma akwai wani asid da ake sawa a wasu magungunan wanke rim masu ƙarfi, wanda a jikin kwalba za ka ga an rubuta hydrofluoric, ko HF, ko ɗan'uwansa ammonium bifluoride. Shi ba ya tsayawa a fata. Yana ratsawa ciki yana neman sinadarin kalsiyam da ke cikin nama da ƙashi. Idan an tsarma shi da ruwa, yana iya taɓa yatsun yaro da safe bai ji komai ba, sai cikin dare azaba ta tashe shi, musamman a ƙarƙashin farce. Idan ya zuba a jiki da yawa, yana iya kaiwa ga zuciya. Wallahi idan na tuna yaran da ke wanki a gida da silifas, hannu ba safa, wando a naɗe, raina ɓaci yake yi. Yaro ya zo neman na abinci, bai san abin da aka miƙa masa ba.

Soda ma ba ta da amana. Mutane na ganin tunda da ita ake sabulu, ba za ta yi ɓarna ba. Alminiyom kuwa ba ya shiri da soda ko kaɗan, cinye shi take yi, ta bar shi da toka-toka. Omo da yawa a ruwa kaɗan, idan ya bushe a kan rim, shi ma yana dusar da sheƙi a hankali. Fetur da kananzir suna cire kwalta, amma ba sa taɓa tsatsar ƙarfe, kuma suna lalata robar taya. Soson ƙarfe kuwa kada ma ya kusanci rim.

Abin da muka fi amfani da shi a nan shi ne wanda aka rubuta pH 7 ko kusa da haka a jikinsa. Ma'aunin daga 0 zuwa 14 yake: ƙasa asid, sama dangin soda, 7 tsaka-tsaki. Kamfanonin nan irin su Sonax da Koch-Chemie suna yin sa, akwai na wasu ƙasashe da dama. Sinadarin da ke ciki dangin wanda ake sawa a man gashi na jerikol ne, kuma yana da wari mai hawa kai, don haka a fili ake aiki da shi. Idan ka fesa a busasshen rim, da fari ba za ka ga komai ba. Bayan kamar minti guda sai ɗigon nan su fara zubar da wani ruwa ja mai duhu, launin zoɓo sak, yana gangarowa tsakanin ƙafafun rim ɗin. Ƙarfen da ya nutse ne yake narkewa. Sai ka bi lungunan da burushi mai laushi, ka ɗauraye da ruwa mai yawa. Na san yana da tsada a gida. Amma ba na kullum ba ne. Motar da ake wanke rim ɗinta duk mako da sabulun mota ba ta bukatarsa sai jefi-jefi, in aka ga ɗigon sun taru. In an shafa wa rim ɗan kakin mota bayan wanki, ƙurar ma ba ta kama shi sosai.

Umarnin da ke jikin waɗannan kwalabe an rubuta shi ne da yanayin Turai a zuciya. Idan an ce a bar shi minti uku zuwa biyar, a zafin Afrilu na Sakkwato ko Maiduguri zai bushe tun kafin lokacin, balle da iskar hunturu. Kuma ko mafi sauƙin sinadari, in ya bushe a kan rim, tabo zai bari. Motar da ta shigo daga doguwar tafiya a bar ta ta huce a inuwa. Ka kai bayan hannunka kusa da rim, in ka ji huci, jira. A yi taya ɗaya a gama kafin a koma ta biyu. Bokiti da soson taya su zama daban da na jikin mota, domin garin ƙarfen nan in ya hau soso zai kwarzane fenti. Masu shafa wa taya baƙin mai ko man birki don ta yi ƙyalli, don Allah ku bari: man birki yana cin fenti, baƙin mai kuma in ya taɓa faifai birki santsi zai yi. Direba kuma in ya fito daga wanki, ya ɗan tattaka birki a hankali kafin ya hau babban titi.

Ku iyayen gida masu wuraren wanki, yaran nan amana ce a hannunku. Ku saya musu safar hannu ta roba mai kauri da tabarau. Kwalbar da aka zana wa hannu da ƙarfe suna narkewa a cikin jan murabba'i, a ajiye ta inda ƙananan yara ba sa kaiwa, wadda ba ta da takarda kuma kada a karɓe ta ko kyauta ce. In tsautsayi ya faru, a cire rigar da ta jiƙe, a riƙa kwarara ruwa a wurin na aƙalla minti 15, sannan a tafi asibiti ko da yaron ya ce ba ya jin zafi. A tafi da kwalbar likita ya karanta, domin ƙunar HF maganinta daban ne, ana shafa man calcium gluconate, kuma sai likita ya san abin da ya taɓa fatar kafin ya nemo shi.

Ku gaishe mini da kowa da kowa. Sai na sake rubutowa.

Naku,
ɗan'uwanku mai wankin rim a Jamus