Daga Falomo zuwa Tarkwa Bay a ƙarshen Disamba

Kawuna na Obalende ne ya ce tunda na zo Legas sau uku ban taɓa hawa ruwa ba, rabin garin kawai na sani. Ni mutumin Funtuwa ne, ruwan da na saba gani bai wuce dam ɗin Mairuwa ba. Ranar Asabar ta ƙarshen Disamba, muna gama karyawa da koko da ƙosai, muka nufi tashar jiragen ruwa ta Falomo, gindin gadar da ta haɗa Ikoyi da Victoria Island, don mu hau jirgi zuwa Tarkwa Bay, wani wurin shaƙatawa a bakin teku.

Tun daga bakin kwata na ga abin da ban zata ba. Jirage sun yi sahu uku-uku, wannan ɗaure da jikin wancan, an rataya tsofaffin tayoyi a tsakani don kada su gogi juna. Namu shi ne na uku daga tudu, sai da muka taka ta cikin jirage biyu kafin mu kai gare shi. Ba a barin kowa ya shiga sai ya sa rigar ruwa, ma'aikatan LASWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa ta jihar Legas, suna tsaye suna dubawa. Raina ya kwanta da na ga haka.

Matuƙinmu dattijo ne ɗan Yawuri, cikin Sarkawa ya tashi, a kogin Kwara ya koyi tuƙi. Da ya ji muna Hausa sai ya washe baki.

"Alhaji, ku matso tsakiya. Yaron nan baƙon ruwa ne, daga riƙon da ya yi wa benci na gane."

"Ɗan ƙanwata ne, Malam," in ji Kawu. "Amana ce a hannunka."

Na tambaye shi ko kullum haka wurin yake cika. Ya ce a'a, wata ne. A Turai, in ji shi, daga Yuni zuwa Agusta masu jiragen shaƙatawa ke rububin wurin ɗaurewa, amma a nan lokacin damina ce, teku na fushi, sama a rufe. Kakar Legas Disamba ce: ruwan sama ya ɗauke, mazauna ƙasashen waje sun dawo gida hutu, duk mai jirgi ya fito da shi, wanda ba shi da shi ya yi haya.

Muka bi mashigin Five Cowrie muka yi yamma. A gefen Ikoyi, bayan gine-ginen titin Awolowo, fararen jirage ne jere kamar motoci a bakin masallacin Juma'a, wasu da bene, wasu ana wanke su da tiyo. Can gaba, inda mashigin ya buɗe ya haɗu da babban ruwa, ya nuna mini kulob ɗin masu jiragen iska na Legas, wanda aka kafa tun 1932. Ƙananan jirage ne masu dogon sanda da farin ƙyalle, babu ƙarar inji, iska kawai ke tura su. Sun ba ni sha'awa ƙwarai, sai dai na lura yadda suke laɓe-laɓe a gefe suna neman hanya.

A nan ne na ga abin da ya tsaya mini a rai. Wata mata da ɗanta suna cikin kwalekwalen katako suna jan raga. Wani babban jirgin shaƙatawa ya taho da gudu, kiɗa na tashi, ya wuce ta kusa da su ko rage wuta bai yi ba. Igiyar ruwan da ya bari a baya ta ɗaga kwalekwalen ta buga, ruwa ya shiga. Yaron ya ɗauki yankakken galan ya hau kwarfewa, uwar ta riƙe ragar ba ta saki ba. Matuƙinmu ya rage inji, ya juya hancin jirgi ya fuskanci igiyar, muka hau ta muka sauka, sannan ya dakata har ya ga sun daidaita.

"Ruwa ba kwalta ba ne, ɗana," ya ce da ni. "A titi in ka wuce ka wuce. A nan kana wucewa ka bar wa na baya aiki."

Ba na ƙin mutum ya ji daɗin dukiyarsa. Amma wanda ya fito shan iska bai kamata ya jefa mai neman abincin rana cikin haɗari ba, alhali sassauta gudu na minti ɗaya bai rage shi da komai.

Da muka shiga hanyar manyan jirage, Apapa na hannun dama da ƙugiyoyinta na ɗaga kwantena. Wani jirgin kaya ya wuce mu, na ɗaga kai har hulata ta kusa faɗuwa. Muka bi tsakanin dogayen katangun duwatsun nan biyu da Turawan mulki suka jibge a bakin teku don kada yashi ya toshe mashiga. Daga can nesa, cikin hazon hunturu, jirage ne birjik sun jefa anga suna jiran layi. Kawu ya ce wannan ba komai ba ne. A 1975, lokacin da gwamnati ta yi odar siminti fiye da kima, ɗaruruwan jirage ne suka yi watanni a wurin, har simintin wasu ya daskare a ciki. Bayan wannan ne aka buɗe tashar Tin Can a 1977.

Tarkwa Bay ba ta da hanyar mota, sai ta ruwa, shi ya sa duk wanda ya zo da jirgi ya zo. Babu wurin ɗaurewa da zai ishe su. Wasu sun jefa anga a ɗan nesa, wasu sun kafa hanci a yashi, igiyoyi sun sarƙe, matuƙa na ta yi wa juna ihu da Yarbanci da Turancin buroka. Muka naɗe wando muka sauka cikin ruwa iya gwiwa. Na ɗanɗana shi da yatsa, gishiri ne zalla. A ƙarƙashin wata rumfa muka sami wani mai tsire ɗan Sakkwato, shi ya ba mu buta da ruwan daɗi da tabarma muka yi azahar.

La'asar na yi matuƙin ya aiko a kira mu, don an hana ƙananan jirage tafiyar dare, kuma kowa so yake ya tashi a lokaci ɗaya. Angarmu ta harɗe da ta wani jirgi, sai da yaronsa ya nutsa ya warware. A Falomo muka tarar da jirage bakwai a gabanmu. Malam ya kashe inji, muka zauna ruwa na lilo da mu, motoci na wucewa a kan gada bisa kanmu, har aka fara kiran magariba daga wajen Obalende.