Faffaɗan allo a shagon caji

Allon kwamfutata a shagon cajin waya, nan ƙauyenmu gefen Ringim, faffaɗa ne, 21:9 (wato faɗi 21, tsayi 9), mai ɗigon hoto 2560×1080. Wasan tuƙin babbar mota, Euro Truck Simulator 2, yana cika shi tsaf: madubin gefe da kwanar hanya duk a idona, ba sai na juya kyamara ba. Wasan har allo uku yana karɓa, sai dai batirin solarmu ba zai ɗauka ba.

Wasan yaƙi na Elden Ring na 2022 kuwa a 16:9 aka ɗaure shi, ba ya cika allon, baƙi hagu, baƙi dama. A wasan harbi na gasa na gane dalilin irin wannan ɗauri, kada wani ya fi wani hangen gefe. Amma wasa irin Elden Ring, wanda yawanci mutum ke bugawa shi kaɗai, ina ganin gara a sakar masa faɗin allonsa.