Babban tankin Boxer: inda aiki ya tsaya, da abin da hukuma za ta duba

'Yan uwa masu koyo, ga inda aikin tankin nan ya kai. Babur ɗin Bajaj Boxer ne, manufar kuma a ƙara lita 5 a kan abin da tankin kamfani ke ɗauka, saboda hanyoyin karkara inda gidan mai ke da nisa, man 'yan bumburutu kuma yakan zo da ruwa da datti. An gama walda, an gwada yoyo, amma ba a yi fenti ba. Da gangan aka dakata a nan, domin launi yana cikin takardun babur.

Takardar rajista tana ɗauke da lambar shasi (wato ƙarfen gangar jikin babur), lambar inji, da launi. Duk abin da ya saɓa tsakanin takarda da babur, mai shi ne zai amsa tambaya a gaban jami'an FRSC masu kiyaye haɗurra ko na VIO masu duba lafiyar ababen hawa. Ƙa'idojin zirga-zirgar hanya na ƙasa na 2012 sun ce mai son sauya launin abin hawa ya nemi amincewar ofishin rajista. A babur kuwa, tanki ne ke ɗauke da mafi yawan launin. Takarda ta ce ja, tanki ya fito baƙi, ka jawo wa kanka magana. Hanya mafi sauƙi a maimaita launin asali. In kuwa dole sai an sauya, a fara zuwa ofis kafin a je wurin mai fenti. Haka nan a sanar da kamfanin inshora a rubuce cewa an canza tanki, kada ranar haɗari su fake da cewa an ɓoye masu.

Shi ya sa dokar farko a wannan aiki ita ce: tanki ne zai bi shasi. Ba a yanke komai a jikin shasin ba, ba a ɗora masa walda ko ɗigo ba. A irin waɗannan babura lambar shasi tana bugge a wuyan shasin, dab da gaban tanki. Wuta ko giranda ta taɓa wurin, lamba ta gurɓace, sai a ɗauka babur na sata ne, kuma wannan ya fi kowace tara ciwo. An bar lambar a fili yadda jami'i zai karanta ba tare da an kwance komai ba.

Akwai kuma abin da ya shafi yankinmu. A 2021 gwamnatocin Katsina da Zamfara sun hana sayar da fetur a jarka saboda masu kai wa 'yan bindiga mai a daji. A irin waɗannan hanyoyi, tankin da ya kumbura fiye da kima yana jawo ido a shingen bincike. Don haka aka tsaya a ƙarin lita 5, siffar ba ta yi nisa da ta kamfani ba. A ajiye rasit na kayan aiki da na mai walda tare da takardun babur, a kuma adana tsohon tankin.

Yanzu ga aikin hannu. An fara fitar da siffa da kwali, aka ɗora a kan shasi, aka karya kan babur dama da hagu har ƙarshe. Sai da yatsa biyu suka shige tsakanin hannun tuƙi da kwalin kafin aka yanki ƙarfe. Wanda ya tsallake wannan zai matse babban yatsansa a lokacin juyawa, ko kuma babur ya kasa karya kwana sosai. An yi amfani da sabon falangen ƙarfe mai kaurin milimita 1.2. Wanda bai kai milimita 1 ba yana hujewa a bakin wuta kuma yana lanƙwashewa. A guji ƙarfe mai rufin zinki irin na kwanon rufi, hayaƙinsa yana sa zazzaɓi, waldarsa kuma tana fitowa da ƙananan ramuka.

Ƙarin girman ya tafi ne gefe da ƙasa, ba sama ba. Litar fetur tana da nauyin wajen giram 740, wato lita 5 ta kusa kilo 4, kuma in nauyin ya hau sama babur yakan yi rinjaye a cikin yashi. An sa farantin tsakiya guda ɗaya mai huji a ƙasansa, don rage tambal-tambal ɗin mai idan an taka birki. Tunda ɓangarorin tankin biyu, na dama da na hagu, sun sauka ƙasa da bututun shasi, an haɗa su da ɗan tiyo ta ƙasa. Ba don shi ba, sai mai ya maƙale a gefen da babu makunnin mai, wato inda mai ke fita zuwa inji, babur ya mutu alhali ana jin motsin fetur a ciki. Makunnin man yana wuri mafi ƙasa a tankin, amma sama da kabureta, domin babu famfo a nan, nauyin mai ne ke gangaro da shi.

Gwajin yoyo na farko bai wuce ba. An toshe kafofi, aka hura iska da famfon keke har geji ya nuna psi 3 (psi ma'aunin ƙarfin iska ne), aka shafe layukan walda da ruwan sabulu. Kumfa ta taso wuri biyu, duka a inda aka tsaya da walda sannan aka ci gaba, da kuma wuri ɗaya a gindin makunni. An goge, an sake bi, gwaji na biyu ya riƙe iska minti 30 allurar geji ba ta motsa ba. Don Allah kada kowa ya ɗora tanki a kan kwamfuresar mai faci. Iskar taya za ta kumbura shi kamar ƙwarya, ko ta farke shi. Kada kuma a rufe huji da foti, fetur zai bi ta ƙarƙashinsa ya ɗaga fenti.

Dalilin yin gwaji da iska tun kafin a zuba ko cokali ɗaya na fetur shi ne, da zarar mai ya shiga, tanki ya zama abin tsoro ga mai walda. Tankin da aka juye ya fi cikakke haɗari, domin tururin da ya rage ne ke fashewa. Tsohon tanki in za a taɓa shi da wuta, a wanke da ruwan zafi da garin sabulu sau da yawa, a cika shi da ruwa har kusa da inda za a yi waldar, murfi a buɗe.

An saka wuyan zuba mai ya nutse ciki da santimita 2, don ko an cika fal a samu sararin iska a sama. Fetur yana ƙaruwa da zafi, babur kuma yana wuni a rana. Murfin na kamfani ne, mai ɗan hujin numfashi. Idan hujin ya toshe, babur zai yi 'yan kilomita ya shaƙe, a buɗe murfi a ji iska ta shige fuu, ya sake tashi. Da yawa sukan kwance kabureta a banza kan wannan.

Abin da ya rage: sababbin robobin zama a gaba da baya, don ƙarfe kada ya zauna a kan ƙarfe girgiza ta tsaga gindin kunnen da ake ɗaure tanki da shi a jikin shasi, auna tazara tsakanin ƙasan tanki da kan inji da wayar filogi, sai tafiyar gwaji ta kilomita 50 a kan hanyar burji, a dawo a sake hura iska a shafa sabulu. In bai yi kumfa ba, sannan a shafa sanfefa a kai shi fenti, ja kamar yadda takarda ta ce.