Daga ƙofar kotu zuwa bakin titi

Sau huɗu na raka Gwaggo kotu a bana, alhali ba ita ta kai ƙara ba, ba kuma ita aka kai ba. Shaida ce kawai. A ƙofar gidanta aka tare wani yaron maƙwabta bayan sallar isha'i, aka sare shi a hannu aka ƙwace masa waya, ita kuwa tana cikin soro tana gyaran waken ƙosan safe, ta ga fuskar wanda ya yi. Da 'yan sanda suka zo tambaya, duk mazan layin suka ce suna masallaci. Gwaggo ta gyara mayafi ta ce ita ta gani, kuma ta san shi tun yana yawo ba wando.

Ba zan faɗi ko wace kotu ba ce, don ba da ita kaɗai nake ba. A bakin get akwai ɗan sanda da sandar nan mai ƙara da ake shafa wa mutum a jiki. Ranar farko ta yi kuka a aljihuna, sai ga 'yar ƙaramar wuƙar yankan farce da ke maƙale da makullin babur ɗina. Ya karɓe, ya ce in zan fita in tuna masa. Ban ji haushi ba, aikinsa ke nan. Mota kuwa sai an buɗe but, abin da Kano ta saba da shi tun bayan hare-haren 20 ga Janairun 2012, lokacin da durom da buhunan yashi suka cika ƙofar kowace ma'aikata. Amma na lura da abu biyu. Duk mai baƙar kwat da farin wuya, hannu kawai yake ɗagawa ya wuce. Mata kuma ba mai taɓa su, domin babu 'yar sanda mace a wurin, kuma babu namijin da zai ce wa matar mutane ta ɗaga hijabi. Da Gwaggo ta so shiga da taɓarya, da ta shiga.

A cikin ɗakin shari'a ba ni da abin cewa. Odali ya daka tsawa ya ce "Kotu!", kowa ya miƙe, waya a kashe, ko tari mutum zai yi sai ya duba gefensa. A nan ko ɗan daba ladabi yake yi. Sai dai a yinin da za ka yi a kotu, da wuya ka yi minti ashirin a cikin ɗakin nan. Sauran duk a tsakar harabar za ka yi shi, kana jiran a kira lambar shari'arka.

Inuwa ɗaya ce a harabar, ta wata darbejiya, da benci biyu a ƙarƙashinta. Nan mai ƙara yake zama, nan shaidarsa take zama, nan dangin wanda ake tuhuma da abokansa suke zama. Wajen ƙarfe goma motar gidan yari ta shigo, gandirobobi suka diro da bindigogi, aka fara sauko da mutane bibbiyu a ankwa ɗaya. Iyaye mata suka yi caa da ledojin abinci, ana kora su suna dawowa. Idon duk wani mai kaki yana kan waɗanda ke cikin ankwa, kada wani ya arce. Waɗanda suka zo da ƙafarsu babu mai kallonsu.

A zuwanmu na biyu ne wani saurayi ya taso daga cikin abokan yaron da ake tuhuma, ya zo gaban Gwaggo ya durƙusa har ƙasa.

"Iya, ina kwana? An zo lafiya? Ya mutanen gida?"

Ta amsa masa da "lafiya lau, ɗan nan."

"Har yanzu dai da asubar fari kike fitowa hura wuta ko? Allah ya ƙara ƙarfi, Iya."

Ya tashi ya koma wurinsa. Babu wuƙa, babu zagi, muryarsa ko ɗagawa ba ta yi ba. Ni kuwa sai da gumi ya tsattsafo mini a ƙeya. Na je wajen ɗan sandan get na gaya masa, ya saurare ni sarai, sannan ya ce, "To Malam, me zan rubuta? In ce ya gaishe ta?" Gaskiyarsa. Sandarsa ƙarfe take ji, ba ta jin magana.

Na tambayi wani lauya da muka saba haɗuwa da shi wajen mai shayin bakin kotun, me ya sa ba za a hana irin waɗannan shiga ba. Ya ce sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ce a bainar jama'a ake shari'a, ba a rufe wa mutum ƙofa don fuskarsa ba ta yi maka ba. Na yarda da wannan, don in aka fara shari'a a ɓoye talaka ne zai fara kuka. Ya ƙara da cewa dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015, a sashe na 232, ta yarda a sakaya shaida ko a ji ta bakinsa ta bidiyo, amma a manyan laifuka irin su ta'addanci da fataucin mutane da fyaɗe. Na ce to ƙwacen waya fa, wanda shi ne ya hana mu barci a garin nan? Ya kurɓi shayinsa.

Ba wai ba a iya tsaron kotu a Kano ba ne. An iya, in ranar manya ce. Wanda ya bi ta Ƙofar Kudu lokacin shari'ar Abduljabbar Kabara, har zuwa ranar hukunci a Disambar 2022, ya ga yadda ake girke jami'an tsaro. Ranar 20 ga Satumban 2023 kuwa, da za a yanke hukuncin zaɓen gwamna, an toshe hanyoyin Miller Road, amma duk da haka alƙalan uku ba su zo zauren ba, ta Zoom suka karanta hukuncinsu, kafin dare kuma aka sa dokar hana fita ta awa 24. Ban ga laifinsu ba, rai ba shi da na canji. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, alƙali mai ɗan sanda a ƙofar gida ya ji tsoron Kano ya yi magana daga nesa, Gwaggo mai ƙosai kuma aka ce lallai ta zo da kanta, ta tsaya taku biyar daga wanda za ta nuna da yatsa.

Ginin ma bai tsira ba. Ranar 1 ga Agustan 2024, da zanga-zangar tsadar rayuwa ta rikiɗe, ɓata-gari sun afka Babbar Kotun Jiha da ke Sakatariyar Audu Baƙo, suka farfasa ofisoshi suka kwashe kaya, kuma Gwamna Abba Kabir Yusuf da ya je dubawa ya ce har da takardun shari'o'i aka tafi. Bayan irin wannan, maganar da ake yi ita ce ta katanga da kyamara da ƙarin bindiga. A yi, ba na hanawa. Amma kyamara ba za ta raba bencin nan ba.

Sannan ga ɗage shari'a. Ranar farko mai gabatar da ƙara yana wata kotun, ta biyu ba a kawo yaron da ake tuhuma ba, ta uku lauyansa ya aiko da takarda. Kowace ɗagewa wata sabuwar dama ce ta a ƙare wa shaida kallo, a san motar da yake hawa da wanda ke rako shi. Wani dattijo da ya ga abin ta taga, shi ma an rubuta sunansa, daga zuwa na biyu bai sake dawowa ba. Wai ƙafarsa ce ta motsa.

A zuwa na huɗu wani magatakarda mai furfura ya hango mu, ya ce, "Baba, taso ki shigo nan." Ya ba ta kujera a ofishinsa tsakanin tulin fayil, har da ruwan leda. Nan ta zauna har aka kira ta. Ta rantse, ta faɗi abin da ta gani ba tare da muryarta ta yi rawa ba, lauya ya juya ta ya juya, ta ce masa, "Ɗan nan, idona ne ya tsufa ko fitilar ƙofar gidana?" Da ta gama, magatakardan ya sa masinja ya fitar da mu ta wata ƙaramar ƙofa ta baya da ban taɓa sanin da ita ba. Babu wanda ya sa shi, kuma ko sisi bai ci wa gwamnati ba.

Daga ƙofar nan zuwa inda ake samun adaidaita sahu tafiyar minti huɗu ce, kuma a nan tsaron kotu ya ƙare. Na so mu hau mu sauka a Kantin Kwari mu canza wani, ta ce ita ba ɓarauniya ba ce da za ta yi ta kewaye. Har ƙofar gida aka sauke mu. Yanzu ƙanena ne ke kwana a soron, shi ke hura mata wuta da asuba. Wuƙar farcen nan kuwa, da aka sake karɓa ranar, tana can wajen ɗan sandan get, don ta baya muka fita.