Gyaran fatar fuska da lezar CO2: yadda nake yi wa baƙar fata

Kafin in kunna na'ura, tambayar farko da nake yi ita ce: wane mai ake shafawa? Masu zuwa neman a share musu tabon kuraje ko tamoji da yawa sun daɗe suna bilicin, kuma ba kowa ke faɗa ba sai an lallaba. Fatar da ta sha mai mai sinadarin clobetasol ta yi siriri, ba ta warkewa da wuri. Irin wannan ba na taɓa ta sai an bar man, fata ta farfaɗo. Wanda ya sha maganin kurajen fuska na isotretinoin kuwa sai ya cika wata 6 da dainawa. Mai yin tabo mai tudu, wanda ko hujin kunne ke kumbure masa, ba na yi masa sam.

Hasken lezar yana da tsawon zango nanomita 10,600, kuma ruwa ne ke shanye shi. Da ya taɓa fata sai ruwan cikinta ya tafasa nan take, wurin ya ƙone ya tashi kamar tururi, zafin da ya ratsa ƙasa kuma ya sa fata ta saƙa sabon kolajin, wato zaren da ke ba fata ƙwari. Kumar Patel ne ya ƙirƙiro lezar a 1964, amma salon huda fata ɗigo-ɗigo a bar lafiyayyen wuri a tsakani sai a 2004 ya fito. Shi kaɗai nake amfani da shi a fatarmu. Kankare fuska gaba ɗaya, yadda ake yi wa Turawa, kasada ce ga mai fata ta 5 ko ta 6 a ma'aunin Fitzpatrick na launin fata, wato mafi duhu.

Abin da aikin ya fi koya mini shi ne, yawan ɗigon ya fi zurfinsa haɗari. Idan ramukan suka yi kusa da juna, zafinsu yana haɗuwa, ƙwayoyin da ke ba fata launi su harzuƙa, bayan mako 3 ko 4 sai ka ga fuska ta yi dabbare-dabbare, ta fi da baƙi. Don haka ina tsayawa a kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na faɗin fata, bi ɗaya, ba na maimaita wuri. Gara a zo sau 3 ana ba da tazarar mako 6 zuwa 8. Ina kuma fara gwaji a ɗan wuri kusa da kunne, in jira wata guda in ga launin da zai bayar. Masu gaggawar biki ba sa son jin wannan, amma ba na sassautawa.

Ranar aiki ana shafa man kashe zafi na lidocaine, a bar shi minti 45 zuwa awa guda, a goge tas, a bar fuska ta bushe, domin danshi yana shanye hasken kafin ya kai inda ake so. Idan an goge da sifirit, dole ya bushe sarai, yana kama wuta. Ana rufe idanu da marufin ƙarfe, injin zuƙe hayaƙi yana kusa da hannu. A wuya da fatar ido ina rage ƙarfi sosai. Wuya ba shi da yawan ƙofofin gashi da na maiƙo, kuma daga nan ne sabuwar fata ke tsirowa, shi ya sa ya fi ko'ina saurin yin tabo.

Maganin valacyclovir mai hana kurajen leɓe, miligiram 500 sau biyu a rana, ana fara shi kwana ɗaya kafin aiki, a ci gaba har kwana 7 zuwa 10. Kurajen nan na zazzaɓi da ke fitowa a leɓe, idan suka samu fata a buɗe, suna iya bazuwa fuska duka.

A gida kuma, kumburi ya fi yawa a kwana biyun farko, a kwanta da matashi biyu. A zuba ƙaramin cokali ɗaya na farin ruwan khal a kofin ruwan da aka tafasa ya huce, a jiƙa bandeji mai tsabta a ɗora minti 10, sau 4 a rana, sannan a shafa Vaseline kaɗan. Idan aka lafta, ƙananan fararen kuraje ne za su biyo baya. Lokacin hunturu ana ƙara yawan shafawa, don fatar da ta bushe ta tsage ba ta haɗewa da kyau. Ɓawo zai zube da kansa cikin kwana 5 zuwa 7, kada a ɓare shi. Ban da dilka, ban da turara fuska, ban da tsayuwa a gaban murhu.

Zafin da ke ƙaruwa bayan kwana na 3, ko ruwan ɗorawa mai wari, alamar ƙwayar cuta ce, a dawo asibiti a ranar. Da fata ta rufe sai a kama man kariya daga rana mai lamba 50, a riƙa sabunta shi duk bayan awa 2 idan ana waje. Hoton kwatantawa ba na ɗaukarsa sai bayan wata 3, domin kumburin makonnin farko yana cike ramukan tabo, fuska ta yi sumul ɗin da ba nata ba.